Tsinke Biyu Zuwa Kano

Ƙaura Namoda, ranar Lahadi

Zuwa ga Goggo Bara'atu, Kano.

Assalamu alaikum. Goggo, ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da yara, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai abin da kika sani. Tun da anka yanke sabis ba mu jin kowa, kowa bai jin mu, shi ya sa kika ga takarda hannun Mainasara direba.

Ga abin da na gani shekaranjiya Juma'a da safe. Ina sharar ƙofar shago sai na ji ƙasa na motsi. Shanu ne anka koro ta bakin tashar jirgi, waɗanda jami'an tsaro sunka ƙwato daga daji wajen Zurmi. Duk sun rame, haƙarƙari a waje. Mutane sun cika hanya, kowa na leƙen nashi. Sai ga wani tsoho yana bin garken da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ban gane shi ba sai da ya buɗe baki. Baffa Labbo ne na Katuru, wanda ya yi wa Baba kiwo har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ya ce, "Wule! Wule!" Wata saniya mai farin goshi da karyayyen ƙaho ta tsaya cak tsakiyar titi ta juyo. Sauran na bangazarta, ba ta motsa ba sai da anka sa mata sanda.

Kin san an kwashe garkensa da damina, ranar da anka shiga Katuru anka kashe mijin ɗiyarsa Saliha. Yanzu shi da ita suna nan Ƙaura cikin wani kango.

An tsare shanun a fili, kwamitin dattawa za su mayar wa kowa nashi. Baffa ya nuna nashi. Sai wani Zubairu mutumin Galadi ya ce a'a, nashi ne, shi ma an kwashe mashi, kuma ya kawo mutum biyu. Baffa ba shi da mutum, rugarsu ta watse. Ya ce a bar shi ya kira su a gani. Alhaji Jatau, shugaban kwamitin, ya ce kira ba shaida ba ne, kowane Bafillace ya yi kira saniya za ta waiga. Wani daga baya ya ce, "Ko dai a daji ta saba da muryar?" Goggo, na ga fuskar Baffa lokacin. Takalmin da ya rage ya cire ya riƙe a hannu.

To shaidar tana shagona. Bikin Saliha bara ni na ɗauka, da kyamarar haya daga Gusau. Na bi Baffa cikin garke yana nuna saniyar da ya ba amarya, ga tsagar kunnuwan shanun, ga maigari tsaye. Amma kyamarar sabuwar yayi ce, kwamfutata kuwa tsohuwa. In na kunna sai murya ta fito, hoto kuma ya yi kore ya daskare. Mai kyamarar ya ce sai na sa mata katin hoto, wanda masu gyara ke ce wa girafik. Ina shirin haka harin nan ya faru, ba wanda ya ƙara tambayar bidiyon biki.

Na ce wa Alhaji Jatau in kwafa in aika Kano a buɗe. Ya ce, "Abin da ya je Kano ya dawo ba mu yarda da shi ba. Yaran can suna iya sa wa jaki ƙaho a bidiyo." Ya ce kwamfutar kada ta fita shago, su za su zo su gani da idonsu. Rabon kuwa Juma'ar bayan Mauludi ne, da an sauko masallaci.

Goggo, katin nan nake roƙo ki sayo mani. Nan babu, Gusau ma an duba babu. Ba kowane kati ke shiga kowace kwamfuta ba, kuma ba halin in turo hoto. Sai na tuna yadda Inna ke auna ƙafarmu da tsinken tsintsiya ta aika miki kafin Sallah. Haka na yi. Dogon tsinken shi ne daga bayan akwatin zuwa inda ƙarfen faifan ajiya ya tare hanya. Gajeren shi ne tsayi, daga ƙasa zuwa murfi, don tawa siririyar nan ce irin ta ofis. Ƙaramar takardar kuwa na ɗora ta kan ramin da kati ke shiga na goga fensir, surarsa ta fito. A bayanta na kwafe rubutun akwatin wuta baƙi-baƙi, ko da ban san ma'anar duka ba. Ki nuna wa mai kaya, zai gane.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗanki, Armiya'u


Kano, ranar Laraba

Nagoggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode Allah da kuke lafiya. Gwiwa tana nan, ta zama 'yar gida. Yara suna gaishe ka.

Labbo! Ashe yana raye. Lokacin da na haifi Amatullahi a gida, mutumin nan kullum sai ya aiko da ƙwaryar nono har na yi arba'in. Ka gaishe shi, ka ce Bara'atu, ƙanwar babanka Magaji, tana yi masa jaje. Amma kai kuma ka bi a hankali. Zamani ne da mutum ke shiga uku don an gan shi tsaye da wani. Ka yi abin da za ka yi, ban da surutu a majalisa.

Na rufe shagon atamfa da kaina na tafi kasuwar 'yan kwamfuta. Da na fito da tsinke sai da yaran layin suka taru suna dariya, wani ya ce Hajiya sakace kika kawo mana? Na ce masa uwarsa ma da shi ta auna shi. Sai wani mai hankali a cikinsu, Anwar, ya karɓa ya zaunar da ni. Ya ɗaga takardar fensir ɗinka ga haske, ya ce ramin irin mai kyau ne, katin zamani zai shiga, kuma wanda ya yi dabarar nan a gaishe shi. Ya karanta rubutun wutar, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ba ta da ƙarfi sosai.

Ya fito da wani ɗan mitsitsin abu, ko tafin hannuna bai cika ba, wai shi ne daidai. Na ce haba ɗan nan. Tun daga Zamfara a aiko ni, in koma da wannan? Ni na yi wa 'ya'yan gidanmu kaf sayayya da tsinke, kai ma har da kai, kuma ban taɓa sayen abu daidai da tsinke ba. Kullum sai an ƙara yatsa biyu. Shi ya sa takalmin da na saya maka yake kai ka Sallah biyu. Ya fara yi mini dogon turanci, na ce ya adana, ya ɗauko mini na saman kanta. Wannan kam abu ne. Da nauyinsa, da fanka har biyu, ga zafin Ƙaura. Ya ɗan fi tsinken naka, ba da yawa ba. Gobe in ka ƙara wani aikin ba sai ka sake aike ba.

Ga shi nan hannun Mainasara, na naɗe shi cikin zani da takardar shagon, saboda masu bincike a hanya. Ka rubuto da ya iso.

Goggonka, Bara'atu


Ƙaura Namoda, ranar Asabar

Zuwa ga Goggo Bara'atu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Goggo, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya bar zumunci. Muna lafiya. Na isar da jajenki. Baffa ya ce, "Bara'atu mai faɗa? Tana nan da faɗanta?" Ran nan na fara ganin haƙoransa tun zuwansa.

Saƙo ya iso lafiya. Kati ne mai kyau ƙwarai, ban taɓa riƙe irinsa ba. Amma Goggo, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bai shiga ba.

Na kashe wuta, na buɗe akwati, na kawo shi a hankali. Haƙoransa sun yi daidai da ramin, kamar yadda Anwar ya ce. Sai dai wutsiyarsa ta daki ƙarfen faifan ajiya kafin haƙoran su zauna. Yatsa biyun nan su ne. Na karkata shi, na gwada ta gefe, ina jin ƙarfe na gogar ƙarfe, na bari. Ƙarfen fuskarsa kuma, wanda ake ɗaurewa da noti a baya, ya ɗara akwatin tsawo, murfi ba zai rufu ba. Na uku, a kafaɗarsa akwai wani baki mai huda shida. Wuta yake nema ta daban. Na bi wayoyin cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, babu mai irin wannan kai. Ko akwai ma, akwatin wutar nan ba zai ciyar da fanka biyu ba.

Ƙafa tana girma, Goggo, akwatin nan kuwa yadda yake yau haka zai mutu. Ya kamata in rubuta haka tun farko. Da na sani da na rubuta wa mai kayan kai tsaye ban ɗora miki ba.

Mai walda na kusa da ni ya ce ya kawo injin yanka ya datse ƙarfen, minti kaɗan. Na ce a'a. Bikin Saliha na cikin faifan da ke jikin ƙarfen nan, kuma shi kenan, babu wani. In ya girgiza ya lalace fa? Ko bai lalace ba, mutanen Zubairu na zagaya shagon. Jiya ɗaya ya leƙo ya tarar da akwati a buɗe, ya ce, "A'a, tiyata ake yi wa shaidar?" Na ce ya shigo ya zauna ya ga abin da nake yi. Bai shigo ba. Da la'asar sai ga Alhaji Jatau da kansa, ya dubi kayan, ya ce in ya ji an yanka wani abu ko an cire, magana ta ƙare.

Wajen shanun kuma ba daɗi. Ba abinci sosai, kuma ba a barin mai da'awa ya shiga. Baffa kullum yana bakin wayar da anka kewaye filin da ita, da damin ciyawa, yana jefawa ta sama, wadda ta samu ta samu. Wule ta fara kwanciya da rana. Ya ce da ciki take, ya gani tun ranar farko. Masu shayi sun daina amsa mashi sallama. Ni ma wasu sun daina kawo mani aiki, amma wannan ba komai.

Ga katin na mayar cikin zaninsa. Ga sababbin tsinkaye, na ƙona bakin kowane da ashana, don a san nan ya ƙare, ba karyewa ya yi ba. Wanda za a ba ki kada ya wuce baƙin nan ko da ƙwayar gero. In ya gaza, ba laifi. Ƙarfen fuska gajere. Ba baki mai huda shida. Mauludi ya matso.

Ɗanki, Armiya'u


Kano, ranar Alhamis

Nagoggo,

Sallama. Muna lafiya, in ban da ni da ba na barci.

Shiru. Ba kai, ba Mainasara. Na je tasha sau nawa, 'yan kamasho sun gaji da ni. Wani ya ce an tare hanya, wani ya ce motocin Ƙaura duk an tsayar da su, wani ya ce ya ji an kama wani yaro mai shagon hoto a wani gari saboda hulɗa da mutanen daji. Na ce wane gari, ya ce bai sani ba. Ka ga irin abin da ake gaya wa mutum.

Ko ya shiga ne ka manta da ni? In haka ne na yafe, ka dai rubuto. In kuwa wani abu ne, ka saurare ni. Ka rufe shagon nan ka taho Kano. Labbo mutumin kirki ne, amma shanu dabbobi ne. Kai kaɗai ka rage mini a ɗakin yayana.

Na ba wani mai motar hatsi wannan, ban san shi ba, ya ce zai ajiye a tasha. Allah ya sa ta same ka.

Bara'atu


Kano, ranar Litinin

Armiya'u,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kake raye. Mainasara ya iso jiya kamar wanda aka tono. Kwanaki suka yi a Gusau, hanya ba ta biyuwa. Lafiyarmu lau.

Yanzu kuma bari in yi faɗan da Labbo ke tambaya. "Da na sani da ban ɗora miki ba." Ni ka rubuta wa haka? Na karanta layin nan har na haddace. Wato Goggo ta tsufa, ba ta iya aike ba, gara wani yaro da ba ka taɓa gani ba. Ni da na rungume ka ranar da aka binne uwarka. Na ajiye takardar na ce wallahi ya nemi mai yi masa. Sai da Amatullahi ta ɗauka ta karanta mini wajen saniyar nan mai ciki. Daga nan na ɗauki mayafi.

Anwar bai ce "na gaya miki" ba, Allah ya yi masa albarka, don da ya faɗa da an ji mu a titi. Ya karɓi kayansa. Amma ɗan ƙaramin nan an saye shi. Ka ji. Wanda na raina.

Nagoggo, na zaga kasuwar nan da gwiwar nan, shago-shago, Anwar na gaba ina baya. Duk wanda ya fito da kati sai in ɗora tsinke a kai da hannuna. Wani ya ce, "Hajiya, ɗan wannan da ya wuce ai ba komai." Na ce kai ma haka aka ruɗe ka? Wani ya kawo gajere amma da bakin nan mai huda shida, na juya shi na nuna masa, na ce yaro ba mu da abincin wannan. Har suna kirana Hajiya Injiniya. Can ƙurya wajen wani dattijo muka samu. Na hannu ne, ba sabo ba, amma an gwada shi a gabana, hoto ya fito. Bai kai baƙin tsinken ba, da saura. Ƙarfen fuskarsa dogo ne, sai Anwar ya kwance ya ɗaura gajere ina kallo, na sake aunawa.

Akwai filashi ɗaure a jikin kwalin. Anwar ya ce tunda ba ku da sabis, ya zuba maka abin da zai sa kwamfutar ta san katin, da abin kunna bidiyon. Ya ce ka sa katin tukuna, sannan filashin.

Gobe Mauludi. Mainasara ya ce ba zai koma ba sai hanya ta lafa. Na je gidansa na zauna a tsakar gida tare da matarsa, na ce ba na tashi. Ya ce zai bi ayarin motocin da ke tashi Laraba, in an tashi. Na san abin da na roƙe shi, kuma in wani abu ya same shi ban san inda zan sa kaina ba.

Maganar ka taho Kano, in takardar ta same ka, ka bar ta. Ka gama wannan tukuna. Kuma komai aka yi, a yi shi gaban mutane. Ka rubuto mini sunan duk wanda ya gani, don kada gobe wani ya ce ba a yi ba.

Ban huce ba tukuna.

Goggonka


Ƙaura Namoda, ranar Asabar

Zuwa ga Goggo Bara'atu.

Assalamu alaikum. Goggo, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Wahalar da na ɗora miki nake nufi, ba wai ba ki iya ba. Hannuna bai kai bakina iya magana ba. Muna lafiya. Mainasara ma lafiya, yana gidan ƙanensa yana barci tun jiya. Takardar mai motar hatsi ta iso tare da taki ta ƙarshe, na karanta su a jere.

Laraba bai zo ba. Alhamis na wuni a tasha. Baffa ya same ni can, ya zauna gefena. Da zai tashi ya ce, "Ɗan Magaji, in bai zo ba kada ka sa a ranka. Ka yi naka." Na ce mashi da saura.

Jiya Juma'a da hantsi sunka shigo. Ayarin ya kwana a hanya, kuma a wani shinge an buɗe kwalin ana tambayar mene ne, sai takardar shagon ta fisshe shi. Ban tsaya gaisuwa ba. Na aika a kira Alhaji Jatau, na ce ba zan buɗe akwati ba sai yana wurin. Ya zo da mutanensa, Zubairu ya zo da nashi, Baffa ma ya zo. Man janareto kuwa, tunda ba a sayarwa a jarka, daga tankin babur ɗin mai walda munka zuƙo.

Na ɗora tsinken kan katin gabansu, don su ga abin da anka saya. Na sa shi. Goggo, ya zauna, har da 'yar ƙara, ƙas. Tsakanin wutsiyarsa da ƙarfen faifan yatsana na shiga. Na ɗaure noti, murfi ya rufu.

Sai na ɗauko wayar monita zan soka, na tsaya. Kan wayata shuɗi ne mai faɗi, irin na da. Bayan katin babu inda zai shiga. Na auna tsawo, na auna tsayi, na kwafe wuta, ban taɓa duban wannan ba. Wannan kam ba a kasuwar Kano anka yi shi ba, a shagona anka yi shi. An fara kiran farko na sallar Juma'a. Mutumin Zubairu ya ce, "To, Alhaji, mu tafi ko?"

Na ce a ba ni kaɗan. Na duƙa na dubi ramukan bayan katin da kyau. Ɗaya siriri ne, kuma na san na taɓa ganin irinsa. Bayan talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo na Auwal ne, inda dikoda ke shiga. Na ce wa Alhaji kwamfuta ce anka ce kada ta fita, ba a ce talabijin kada ta shigo ba. Ya ce haka ne. Mutum huɗu sunka ɗauko ta da wayarta. Ba ta shiga shagon ba don girma, sai munka jingina ta a ƙofa tana kallon titi. Na kunna, rubutu ya fito manya-manya. Na sa filashin Anwar, na jira ya gama, kwamfutar ta mutu ta sake tashi.

Na buɗe bikin. Ba kore. Katuru ce ta fito, da ciyawarta, da rana, kamar ka miƙa hannu. Ga Baffa da sabuwar riga cikin garke, ga maigari. Ga Wule ta cika talabijin, farin goshi, karyayyen ƙaho na hagu, tsaga biyu a kunnen dama. Alhaji Jatau ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. Haka munka bi su ɗaya-ɗaya, ina tsayarwa, wani na gudu fili ya dubo kunne ya dawo.

Ba duka kyamara ta kama ba. Akwai waɗanda sunka ba da baya, akwai na nesa. Waɗannan kwamiti ya ce ba zai ba shi ba, kuma Baffa bai yi gardama ba. Amma mafi yawa sun fito, an rubuta mashi su. Zubairu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tawa ma farin goshi gare ta. Wallahi farin goshi gare ta." Na yarda da shi, Goggo. Shi ma bai ga nashi ba. Ya ba Baffa hannu, ya tafi masallaci shi kaɗai.

Ina shirin kashewa sai bidiyon ya wuce garke ya kai wajen ango. Ya fito yana dariya, abokansa na ja mashi hula. Na kai hannu, sai Baffa ya riƙe mani wuyan hannu. Ya ce, "Bar shi." Munka bar shi har ya ƙare.

Da la'asar anka buɗe filin shanun. Wule ba ta iya tashi ba sai da anka ɗaga ta, amma ta taka da ƙafarta, kuma ta ci dusa. Baffa ya ce in ta haihu mace, sunanta Bara'atu. Na ce zan faɗa, amma ba ruwana da abin da zai biyo baya.

Tsinkayen suna nan, na soke su a jikin bango.

Kin ce in rubuto waɗanda sunka gani. Alhaji Jatau da dattawan kwamiti uku. Zubairu na Galadi da mutanensa biyu. Auwal mai gidan kallo. Mai walda. Mainasara, da ƙurar hanya a jikinsa. Masu shayin nan da sunka daina amsa sallama, su ma suna tsaye, na gan su. Sai Saliha. Ban san lokacin da ta zo ba. Tana can bayan mutane, jikin bangon kanti, da mayafi a baki. Ita ba ta taɓa ganin bikinta ba sai jiya.

Ɗanki, Armiya'u